Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

A Zuba direban ya ajiye mu, ya ce mun iso Abuja. Na leƙa ta taga ban ga dogayen benayen da ake nuna mana a waya ba, sai tulin lemo da ayaba, da motoci suna ta ƙaho kamar ana rigima. Na ce masa, "Malam, ai a Kano ka ce har Karshi za ka kai mu." Ya ce, "Hajiya, nan da Karshi taku biyu ne, tambayi kowa." Ya sauke mini buhuna da jakar da na sa allo da Alƙur'ani, ya ja motarsa ya bar mu da hayaƙi. Taku biyun nan sai da muka shiga mota uku, la'asar sakaliya ta same mu a hanya.

Sunana Barira, mutuniyar Damagaram ce ni. Lakwal, wato makarantar boko, a aji huɗu na tsaya, amma na sauke a hannun mahaifina, kuma tun ina 'yar shekara goma sha biyu ni ke biya wa ƙanana karatu a zaurensa idan ya fita. Maigidana ya riga mu zuwa Najeriya da shekara guda, yana gadi a wani gini da ake yi a cikin gari. Shi ya aiko cewa an samo mini aikin koyar da yara.

Mu uku muka zo. Hindatu tana bayana, watanta bakwai. Sai yarinyar, shekararta huɗu.

Yarinyar ita ce ta fari a wurina, kuma sunan uwar mijina aka sa mata. To kun san yadda abin yake a wajenmu. Ɗan fari uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Balle a ce sunan suruka ne a kansa. Tun da aka yaye ta Inna, uwar maigidana, ta ɗauke ta. A ɗakinta ta tashi, ita ta sani a matsayin uwa, ni kuwa Yaya take ce mini kamar yadda ta ji ƙannen mijina suna faɗa. Sai da ciwon ƙafa ya kwantar da Inna sannan ta ce in tafi da ita. Ranar da ta miƙo mini ita magana ɗaya ta yi: "Kada ki bari ta bar idonki." Wannan maganar na ɗauko a ka tun daga gida, ta fi buhun nauyi. Duk tashar da muka sauka, bakin gyalena yana ɗaure a tsintsiyar hannunta. Ba na kallonta, amma da gyalen ya yi sako-sako sai gabana ya faɗi.

A Karshi muka tarar babu makaranta. Mutumin da ya yi wa maigidana alkawari, wani dillali da ake ce wa Oga Sule, ya kai mu wani gida mai jan ƙyaure. Matar gidan ta fito tana taunar cingam, ta dube ni sama da ƙasa. Ashe mai shara da wanke-wanke take nema. Na ce ni koyarwa aka ce mini. Oga Sule ya ce, "To ai akwai yara a gidan. Idan kin gama aiki sai ki koya musu, duk ɗaya ne." Na fara tunanin ko in haƙura, tun da mun riga mun zo. Sai matar ta nuna yarinyar da baki ta ce, "Goyon ba komai, amma wannan babbar a mayar da ita ƙauye. Ba na son yara suna mini yawo a falo."

Na ɗora buhuna a ka, na ja gyalena, muka fito. Oga Sule ya biyo mu yana cewa mutanen Nijar ba su san arziki ba. Na ce masa, "Allah ya ba ka wata." Tun daga ranar ban ƙara sa shi a ido ba, maigidana ma ya daina samun lambarsa.

Wata mai sayar da doya, Maman Ladi, ita ta gan mu zaune a bakin kasuwa ana ta kwashe kaya. Ba musulma ba ce, Hausarta ma ta kasuwa ce, amma ta tsaya ta saurare ni har na kai aya. Ta ce, "Ina da ɗaki, amma doya yana ciki. Ka kwana da shi, doya ba ya cizo." Haka muka zauna wata uku a gefen tulin doya. Maigidana ya zo ranar Lahadi, ya zauna a bakin ƙofa kansa a ƙasa. A wajen ginin yake kwana, cikin rumfar kwano, ba wurin mace da yara. Ya ce ko mu koma gida. Na ce ban keto ƙasa biyu don in koma da allo a jaka ba.

Kewar gida kuwa ta ci ni a Karshi. A wajenmu ido yana tafiya har ya gaji, nan duk inda ka juya dutse ya tare ka. Ruwan sama ya yi ta zuba kamar an manta ba a rufe ba, tufafin Hindatu su kwana biyu a igiya ba su bushe ba. Ga doya safe da yamma. Wata rana na ga wata Bafulatana da ƙwarya, na sayi fura, na kai baki, na ji ba ta kama ƙafar tamu ba, amma sai da na yi hawaye a cikin ludayin.

Zaman banza ba na iya shi. Na lura yaran matan kasuwa suna wuni suna birgima a ƙarƙashin wata bishiyar kashu, sai na fara tara su. Ba su da alluna, na yayyaga kwali, na samo gawayi. Kafin wata biyu yara sun kai goma sha biyar, suna biya ƙananan surori da murya ɗaya har masu awo suna juyowa.

Wata ranar kasuwa mota ta tsaya kusa da mu. Wata dattijuwa mai tabarau ta fito sayen doya, sai ta bar direbanta da ciniki ta zo ta tsaya a kanmu. Ta daɗe tana saurare. Da muka shafa fatiha ta ce, "Malama, a ina kika yi karatu?" Na ce a zauren babana. Ta ce, "Takarda fa?" Na ce ba ni da ita. Ta ce, "Wancan mai majinar, sa shi ya karanta shi kaɗai." Na sa shi, ya karanta tsaf. Ta yi murmushi. Sunanta Hajiya Asma'u, ta yi ritaya daga wata ma'aikatar gwamnati, ta buɗe makarantar ƙananan yara a Kubwa. Ta ce iyayen yaran duk 'yan Arewa ne ma'aikata, amma 'ya'yansu ko gaisuwa ba su iya da Hausa ba, tana neman wadda za ta koya musu Hausa da addu'o'i.

Na ce, "Hajiya, ba ni kaɗai ba ce."

Ta dubi yarinyar da ke maƙale a bayana ta ce, "Wannan fa?"

Na kau da kai na ce, "Ta gidanmu ce."

Hajiya ta dube ni ta saman tabarau, ta sake duban yarinyar, ta yi 'yar dariya. Ta ce, "To, ta gidanku ma ta zo, akwai kujera a aji." Ta gane, ban sai na faɗa ba. Maman Ladi ta raka mu mota da doya uku a ka, tana cewa in na zama babban malami kada in manta da ita.

Kubwa gari ne da ke tashi tun asuba ya tafi aiki. Kafin rana ta fito motoci sun cika titi, kowa da jakarsa yana gudu. Da hantsi sai unguwa ta yi tsit, sai masu shago da awaki. Da magariba su dawo a gajiye kamar an jiƙa su. A haka ake ajiye mana yara tun da duku-duku, wasu da barci a ido, wani da burodi a hannu. An ba mu ɗaki a bayan makaranta kusa da tankin ruwa, mai siminti da taga da makulli. Ranar farko na buɗe na rufe ƙofar nan ya fi sau biyar, don daɗi.

Sati ɗaya da zuwana Hajiya ta tafi ƙasar waje, 'yarta za ta haihu. Ta bar makarantar a hannun shugabar malamai, Madam Risi, Bayarabiya mai faɗa da kirki a haɗe. Ita ta ba ni takalmi sau-ciki da ta ga silifas ɗina ya tsinke, ita ta koya mini yadda ake cike littafin kiran suna, da yadda ake tsayar da mota ba a ja ka da surutu ba. A Kubwa ta koyi Hausa, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta.

Ranar da za ta rubuta yarinyar a makaranta, malamai biyu suna zaune a ofis. Na miƙa mata 'yar takardar da maigidana ya sa aka rubuta sunan a kai. Ta kwafe, ta ɗago ta ce, "Ɗanka ne?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ta gidanmu ce."

Ta ce, "Uwanshi fa?"

Na shiga gyara goyo. Ta ɗan dube ni, ta rubuta wani abu, ta rufe littafin. Ni a ganina na yi abin da ya kamata mace mai kunya ta yi.

Aiki kuwa, ba yabon kai ba, na iya shi. Ranar farko na shiga na yi sallama, yara ashirin da uku suka zuba mini ido. Sunayensu namu ne, Amina, Faruku, Zainabu, amma da sun buɗe baki sai Turanci. Ni kuma Turancina bai wuce na sayen kati ba. Na ce to, mun yi daidai, kowa kurma ne a wajen ɗan'uwansa. Washegari na zo da faranti: kuka, daddawa, kanwa, tsamiya, busasshiyar kuɓewa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya suna shinshinawa ina faɗin suna. Da aka zo kan daddawa wata Amina ta toshe hanci ta ruga bayan ƙofa, aji ya kwashe da dariya. Har yau ba wanda ya manta sunan daddawa a cikinsu. Ƙirga da tsakuwa muka koya. Gaisuwa kuwa wasa na mayar da ita: ni ce kaka, na yafa zane na riƙe sanda ina tari, kowa ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, wanda ya yi daidai in sa masa albarka in ba shi dabino.

Kafin wata guda wani uba ya tsaya a bakin aji da katin aiki a wuya, ya ce, "Ke ce Malama Barira? Jiya Faruku ya gaida mahaifiyata a waya, har da 'ina gajiya'. Tsohuwa ta yi ta kuka." Na ce, "Alhaji, saura ma ya fara roƙon ta kuɗin kashewa da Hausa." Ya tafi yana dariya. Ranar na ji ƙafata ta taka ƙasa sosai.

Yarinyar tana ajina, a kujerar ƙarshe ta wajen taga. Kowace safiya in buɗe littafi in kira suna, yara suna amsawa. Idan na zo kan nata sai in yi shiru, in ɗan yi gyaran murya. Ita kuma ta san wannan shirun nata ne, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Na'am." In sa mata alama in wuce. Ba na sa ta karatu ita kaɗai, ba na yaba mata ko ta fi kowa, kuma ta fi su. Lokacin tara, in zaunar da Hindatu a cinya ina mata wasa ina kiran sunanta har da kirari, ita kuwa in tura mata kwanonta da gefen hannu ina kallon wani waje. Ban san Madam Risi tana tsaye a taga tana tara waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya ba.

Wata Laraba ana hutun tara, yara suna lilo. Ina zaune a kan benci, ni ce na fi kowa kusa. Na ga lokacin da hannunta ya suɓuce, na ga goshinta ya bugi bakin siminti, na ga jini. Har na yunƙura, sai na ga malamai sun fito, ga mai gadi, ga wata uwa da ta kawo abinci. A gida, uwar da ta ruga ta ɗauki ɗan fari a gaban jama'a, har ta tsufa ana mata gori. Akwai kaka, akwai gwaggo, su ke rugawa. Ƙafafuna suka koma da kansu. Na juya fuska na ce, "Ku ɗauke ta."

Madam Risi ce ta sure ta. Ta wuce ta gabana, ta yi mini wani kallo da ban taɓa gani a fuskarta ba. Ta kai ta kemis aka wanke aka sa filasta. Ni kuwa na shiga bayan tanki na yi kuka har numfashina yana sarƙewa, na wanke fuska, na koma aji.

Washegari da safe, ko littafi ban buɗe ba aka ce Madam tana kira. Na tarar da yarinyar zaune a kan kujera da filasta a goshi, kwanon abincinta a cinya. Malaman nan biyu suna tsaye. Wayar Madam tana kan tebur.

Ta ce, "Malama, zauna. Jiya na tambayi yaron nan, ina mamanka? Ya ce Inna yana Damagaram. Na ce wannan fa? Ya ce Yaya ne." Ta ɗaga yatsa tana lissafi. "Ba ka kiran sunanshi. Ba ka taɓa shi. Ƙaramin kana mishi wasa, wannan ko kallo. Abincinshi kullum fari, ba nama ba kifi. Jiya jini yana zuba ka juya baya. Na ga irin wannan a garin nan, ana kawo yaran mutane daga nesa, a raine su a sa su aiki a gidaje. Ni uwa ne, ba zan gani in yi shiru ba."

Na ce, "Madam, ba haka ba ne."

Ta ce, "To yaya ne? Akwai ofis na masu kula da yara, ga lamban nan. Sha biyu zan kira. Su za su riƙe shi har a samu uwanshi."

Maganar Inna ta dawo mini a kunne. Na kira maigidana, waya a kashe, da rana barci yake yi. Madam ta ce ta gwada Hajiya tun jiya ba ta shiga. Karnen yarinyar, wato katinta na asibiti wanda sunana ke ciki, yana cikin akwatin Inna a Damagaram. Inna ba ta da waya, ta maƙwabci ce, shi kuma yana gona sai yamma. Babu kaka, babu gwaggo, babu wanda zai faɗa a madadina. Tun da nake ban taɓa jin nisan gida irin na wannan safiyar ba.

Na ce, "Madam, a wajenmu ɗan fari kunyarsa ake ji. Al'ada ce. Uwa ba ta nuna shi."

Ta ce, "Kunya? Ɗanka ka haifa, kana jin kunyanshi? Mu ɗan fari da sunanshi ake kiran uwa har ya mutu. Kawo wani magana."

Ɗaya malamar ta ce ita ma ta taɓa jin haka a bakin wata maƙwabciyarta, amma ba ta san gaskiyarsa ba. Madam ta girgiza kai ta dubi agogo.

Sai idona ya faɗa kan kwanon. Na ce, "Madam, buɗe kwanon nan."

Ta buɗe. Shinkafa ce fara da ɗan mai da yaji a sama. Ta ce, "Ka gani? Abin da nake faɗa."

Na ce, "Sa cokali ki tona har ƙasa."

Ta tona. Ƙwai ya fito, da tsokar kifi wadda na zare wa ƙaya tun da asuba. Na ce, "Kullum a ƙasa nake sawa, don kada a gani a ce ina ji da ita. Ki tambaye ta." Yarinyar ta ce, "Jiya hanta ce." Bakina ya buɗe, na kasa rufe shi. Na ce tana da tabo a bayan kunnen hagu, kaza ce ta tsatstsage ta tana rarrafe. Ba ta shan koko sai ya huce ya yi fata. Idan tsoro ya kama ta babban yatsan ƙafarta take naɗewa, ku duba yanzu ma a naɗe yake. Jiya ba turo ta aka yi ba, igiyar lilon ta hagu ta fi ta dama tsawo, na faɗa wa mai gadi tun ranar Litinin. Kuma da kika ɗauke ta takalminta ɗaya ya faɗi, ni na tsince shi, ga shi a jakata.

Madam Risi ta daɗe tana kallon ƙwan nan. Muryarta ta sauko, amma ba ta janye hannunta daga kan wayar ba. Ta ce, "Mai raino ma yana iya sanin wannan. Ni abu ɗaya nake so. Ka duba ni ka ce ɗanka ne. Ka kira shi da sunanshi, ya zo wurinka."

Shekara huɗu ban taɓa furta sunan nan ba, ko ni kaɗai a ɗaki. Na ji kamar an ce in tuɓe ɗankwali a tsakiyar kasuwa. Na tuna Inna a kan tabarmarta, na tuna gwaggonnina da abin da za su ce. Sannan na dubi agogon bango, na dubi yatsan ƙafar nan da ke naɗe a cikin takalmin roba. Na ce a raina, Inna, ke kika ce kada ta bar idona, ki yafe mini sauran.

Na ɗago na ce, "'Yata ce. Ni na haife ta, ranar wata Juma'a, ana ruwa." Na juya na buɗe hannuwana. Na ce, "Saratu. Zo."

Ba ta taso nan da nan ba. Ta waiga bayanta tukuna, ko da wata ake. Sannan ta sauko a hankali, ta zo ta tsaya a gabana, ta leƙa fuskata ta ce, "Yaya, ashe kin san sunana?"

Na rungume ta a gaban kowa, Hindatu tana ta zillo a baya. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Da na ɗago, Madam Risi tana share ido da bakin mayafi tana faɗa. "Ku mutanen nan za ku kashe ni! Jiya ban yi barci ba saboda kai. Ka ɓoye ƙwai, ka ɓoye yaro, me kuma ka ɓoye?" Ta jefa wayar a jaka, ta buɗe littafin nan na ranar farko, ta soke abin da ta rubuta, ta rubuta wani. Ta ce, "Je ka aji, yara suna jira. Kuma a gyara lilon nan yau."

Da Hajiya ta dawo aka ba ta labari, ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce laifinta ne da ba ta yi wa Madam bayani ba. Sai kuma ta ce, "Ni ma 'yar fari ce, Barira. Mahaifiyata ta rasu ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Na san tana sona, ban taɓa shakka ba. Amma da na ji ko sau ɗaya ne." Ta mayar da tabaranta ta shiga duba takardu.

Inna kuwa sai da na kwana uku ina juya yadda zan faɗa mata. Da maƙwabci ya kai mata waya na zayyana mata komai, na ce ta yafe mini, na kama sunanta a gaban mutane. Ta ce, "Tana wurinki?" Na ce tana nan. Ta ce, "To shi ke nan. A can ki yi ta kira. Ran da kika dawo gida ki kama bakinki, kada ki ba ni kunya."

Yanzu shekarata ta uku ke nan a Kubwa. An ƙara mini aji biyu, iyaye mata ma suna zuwa ranar Asabar in biya musu karatu. Maigidana ya samu gadi a nan kusa. Maman Ladi na kai mata atamfa da sallar bara, ta ce doyan ɗakin yana gaishe ni. Yarinyar ta wuce ajina, tana wajen wata malama, har yau kuma Yaya take ce mini, ban hana ta ba. A gaban baƙi 'yan garinmu ina nan yadda aka san ni, "ke" ce da "wance".

Amma a sauran wannan zangon da ta yi a ajina, kullum da safe idan na zo kan layinta ba na gyaran murya. Ina kira kamar na kowa. Ita ce ma ta ƙi amsawa a kira na farko. Sai ta naɗe hannu ta dubi taga kamar ba ta ji ba, bakinta yana motsi da dariya, har sai na sake faɗa.